Filastar Salonpas a zafin Makka: inda take aiki da inda take cutarwa

A kantunan magani na Makka da Jidda, irin su Nahdi da Al-Dawaa, ka ce "lazga" (wato filasta da Larabcinsu) ta Salonpas za a miƙo maka ita ba sai da takardar likita ba. Kamfanin Hisamitsu na Japan ke yin Salonpas tun 1934. Maganin da ke jikinta methyl salicylate ne, ɗan uwan asfirin, sai menthol mai sa sanyi, wani samfurin har da kafur.

Ga ciwon da yake kusa da fata tana da kyau: sanƙarewar wuya, kafaɗar mai ɗaukar kaya, sha-raɓar da ta ɗaure bayan ɗawafi da sa'ayi, ƙaramin targaɗe. Ciwon ƙugu mai sauka ƙafa da mutuwar jiki kuwa ba nata ba ne, likita yake so.

Babban aibinta a nan gumi. A jiƙaƙƙiyar fata kafin ka kai Harami gefenta ya naɗe, ta koma jikin riga. A wanke wurin, a tsane shi sarai, kada a shafa mai. In da gashi a rage da almakashi. Aski da reza yana buɗe fata, maganin ya yi raɗaɗi. A danna gefunan da tafin hannu. Yawanci awa 8 ne iyaka, amma a duba kwali don samfuran sun bambanta, kuma a bar fatar ta huta kafin a sake manna wata.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙara mata zafi. Wasu sai sun goga man zafi a ƙarƙashi, ko su ɗora jakar ruwan zafi a kai. Zafi yana sa fata ta shanye magani fiye da kima, har ta ƙone ta yi bororo. A 2012 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan irin wannan ƙuna. Haka barin kwalin a mota da rana yana lalata gam ɗin.

A wuyan hannu ko idon sawu tana tare ruwan alwala, a lura. Mai shan warfarin (maganin tsinka jini), da wanda asfirin ba ya karɓarsa, da mai ciki musamman watanni ukun ƙarshe, su tambayi likita tukuna. Ba a sa ta kan rauni ko ƙuraje. Ciwo ya wuce kwana 7, a daina a nufi asibiti.