Blue Card na Jamus: yadda na same shi bayan na riƙe shi a hannu

"Wane ejan ne ya yi maka?" Wannan ce tambayar da abokai suka fi yi mini tun da na koma Jamus da aiki. Babu ejan. Da ma na biya wani, da ya ci kuɗina a banza, domin babu wani mataki a neman Blue Card da ɗan tsakiya zai yi maka wanda kai ba za ka iya yi da wayarka ba. Ni injiniyan manhaja ne, wani matsakaicin kamfani a kudancin ƙasar ya ɗauke ni bayan mun gana ta bidiyo, kuma da wannan kati nake zaune yanzu tare da maiɗakina da yaranmu.

Blue Card izinin aiki ne da izinin zama haɗe a kati guda, wanda Tarayyar Turai ta tanadar wa ƙwararru daga wajenta. Jamus ta fara bayar da shi a 2012, ta kuma sassauta sharuɗɗansa a Nuwamban 2023. Ba katin zuwa neman aiki ba ne, kuma a nan mutane da yawa suke ruɗewa. Sai aikin ya zo hannu tukuna, da kwantiragin aƙalla wata 6, aikin kuma ya dace da abin da ka karanta. Wanda yake so ya je can ya nema da ƙafarsa, ƙofarsa daban ce, ita ce Chancenkarte, katin neman aiki da aka buɗe a Yunin 2024.

Sharaɗi na biyu albashi ne. A 2025 dole kwantiragin ya nuna aƙalla Yuro 48,300 a shekara. Ga sana'o'in da ake ƙarancin ma'aikatansu, irin su injiniyoyi, likitoci, masana kwamfuta da malaman makaranta, an rage shi zuwa Yuro 43,759.80, haka ma ga wanda bai wuce shekara 3 da gama digiri ba. Adadin yana sauyawa duk farkon shekara, don haka a duba na shekarar da ake nema. Masana kwamfuta suna da wata alfarma da ta burge ni: ko babu digiri, idan mutum yana da gogewar shekara 3 a cikin 7 da suka wuce, ana iya ba shi. Na san matasa a Kano da Kaduna da suka koyi rubuta manhaja da kansu, suna yi wa kamfanonin waje aiki daga ɗakinsu, amma ba su san wannan ƙofa tasu ba ce.

Kada mutum ya ɗauki wancan adadi ya buga a naira ya fara zana gida. Kuɗin da ke kan kwantiragi ba shi ne ke shiga asusu ba. Haraji, inshorar lafiya, fansho, inshorar rashin aiki da ta kula da gajiyayyu, duk ana cire su tun kafin ka ga albashin, kuma ga gwauro abin da ake cirewa ya kan haura kashi ɗaya cikin uku. Mai aure da matarsa ke zaune tare da shi ya fi samun sauƙi. A wajen rajistar adireshi za a tambaye ka addininka, kada gabanka ya faɗi: saboda harajin coci ne, Musulmi ba ya biyan sa.

Neman bizar kansa bai wahalar da ni ba. Na duba jami'ata a rumbun bayanan anabin na gwamnatin Jamus, na tarar an sa mata alamar H+, wato an amince da ita, digirina ma yana ciki, sai kawai na buga shafukan na haɗa da takarduna. Wanda bai ga nasa a ciki ba zai nemi tantancewa daga ZAB, hukumar da ke duba takardun karatu na ƙasashen waje, a kan kuɗi Yuro ɗari biyu da 'yan kai. Kuɗin biza Yuro 75 ne. Kamfanina ya bi hanyar gaggawa da doka ta tanadar wa ƙwararru, wadda ake biya wa Yuro 411, inda mai ɗaukar aiki shi ne ke bin takardun daga can har a ba da amincewar farko, sannan a ba ka ranar ganawa da wuri. Duk wanda ya samu aiki, ya tambayi kamfanin ko za su yi masa wannan tun kafin ya sa hannu. Yadda suka amsa zai nuna maka irin mutanen da za ka yi wa aiki.

Takardun iyali su ne inda ake buƙatar dogon numfashi. Jamus ba ta karɓar takardar aure ko ta haihuwa daga Najeriya haka kawai don an buga mata hatimi. Ana iya sa a binciki sahihancinsu, kai ne za ka biya kuɗin binciken, kuma abu ne na watanni. Mu da aurenmu ake ɗaura shi a ƙofar gida ko a masallaci, shaidu su watse, ba kowa ke damuwa da takarda ba sai ranar da aka tambaye ta. Ga kuma batun suna: Muhammad a fasfo, Mohammed a takardar digiri, Muh'd a ta sakandare. A gida kowa ya san mutum ɗaya ne, a wajen ma'aikacin Jamus kuwa mutum uku ne. A daidaita waɗannan tun ana neman aikin, ba sai an samu ba. Sannan mai mata fiye da ɗaya ya sani tun yanzu cewa guda ɗaya doka ta yarda ta biyo shi.

In ka tsallake wannan, a ɓangaren iyali ne katin ya fi nuna darajarsa. Ba a nemi maiɗakina ta kawo shaidar jin Jamusanci kafin ta taho ba, alhali matan masu wasu nau'o'in izinin sai sun ci jarrabawar A1, matakin farko na harshen. Tana da damar yin kowane aiki daga ranar da aka ba ta nata izinin. Yara suna makaranta kyauta, ana kuma ba da kuɗin tallafin yara, Yuro 255 a wata ga kowane yaro a 2025. Wanda aka fara ba shi katin daga 1 ga Maris 2024 har iyayensa zai iya nema wa izinin zama, in zai iya ɗaukar nauyinsu, ciki har da inshorar lafiyarsu, wadda ga tsofaffi ba ƙaramin kuɗi ba ce. Ni dai ko tayin ban yi wa Hajiyarmu ba, na san sanyin Janairu kaɗai ya ishe ta amsa.

To, amma saukowa daga jirgi ba ita ce ƙarshen tafiya ba, tsugune ba ta ƙare ba. Biza ce a fasfonka, katin kansa sai a ofishin kula da baƙi na garin da ka sauka. Kafin nan doka ta ce ka yi rajistar adireshinka cikin kwana 14 da tarewa, kuma ba a yi sai da takardar shaida daga mai gidan. Mai gida kuma yana son ganin takardun albashinka na watannin baya da rahoton Schufa mai nuna ba ka da taurin bashi, abubuwan da sabon zuwa ba shi da su. Haka na yi ta zagaye. Ranar duba gidan haya za ka tarar da jama'a kamar layin gidan mai ranar da fetur ya yi wuya, kowa rungume da fayil. Kuɗin ajiya na iya kaiwa hayar wata 3, gidaje da yawa kuma babu ko kabad ɗin kicin a ciki, kai za ka saya ka kafa. Ɗakin haya mai kaya a ciki na fara kamawa, da tsadarsa da komai, don dai in samu adireshi.

Ofishin baƙi na garinmu shi ne ya fi ɓata mini rai. Waya ba a ɗauka, saƙon imel sai an ga dama, ranar ganawa kuma nema ake ruwa a jallo. Da na samu shiga, ma'aikaciyar ta karɓe ni da mutunci, ta ɗauki hoton yatsuna, na biya Yuro 100, aka ce in jira wasiƙa. Matsalar ba mutanen ba ce, aikin ne ya fi ƙarfin hannayen da ke yin sa. Idan biza ta kusa ƙarewa kati bai fito ba, suna ba da takardar wucin gadi da ke riƙe matsayinka, amma kafin ka sayi tikitin zuwa gida da ita, ka tabbatar irin wadda aka ba ka tana ba da damar fita da dawowa, domin ba duka ba ne.

Akwai kuma fargabar da katin ba ya cirewa. Yawancin kamfanoni suna sa wata 6 na gwaji, kuma a cikinsu sanarwar mako 2 ta isa a sallame ka. Zamanka a ƙasar a jingine yake da aikin. A shekarar farko in za ka sauya wurin aiki sai ka sanar da ofishin baƙi, bayan nan kuwa kana da 'yancinka. Wannan ya sa na ga gajeren wa'adin samun izinin zama na dindindin shi ne babbar ribar katin: wata 27 kana aiki kana biyan fansho tare da Jamusancin matakin A1, ko wata 21 in ka kai B1, matakin tsakiya. Tun daga Yunin 2024 kuma ana iya neman zama ɗan ƙasa bayan shekara 5 ba tare da ajiye fasfon Najeriya ba.

Injiniya ko masanin kwamfuta da ya samu tayin aiki na gaskiya, ina ba shi shawarar ya bi wannan hanya ba tare da wata-wata ba. Likita da mai harhaɗa magunguna nasu ya fi tsawo, domin sai sun samu lasisin aiki na Jamus, shi kuma ba ya samuwa sai da Jamusanci mai ƙarfi da jarrabawar harshen asibiti. Mu ma da ake Turanci a ofis bai kamata mu saki jiki ba. Wasiƙun hukuma, kwantiragin haya da taron iyaye a makaranta duk da Jamusanci suke zuwa. Shi ya sa bayan an tashi aiki nake wucewa ajin yamma na makarantar manya ta gari, maiɗakina kuma tana zuwa na safe in ta kai yara, har ta riga ta wuce ni da aji ɗaya.