Asibitin da muke kai Baba canjin robar fitsari

Wata bakwai ke nan muna kai Baba canjin robar fitsari a wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke unguwarmu a Kano. Mutum biyu sun tambaye ni ko wurin ya yi, shi ya sa na ce bari in rubuta abin da idona ya gani.

Baba shekararsa 74. Furostet ɗinsa ne ya kumbura, wato ƙullin nan da ke ƙasan mafitsarar namiji, wanda hanyar fitsari ke bi ta tsakiyarsa. Daren da fitsari ya tsaya masa cik, a babban asibiti aka sa masa roba, aka ce a riƙa canzawa kafin lokacin tiyata ya zo. Tsawon layin can ne ya sa muka nemi na kusa.

Zuwanmu na farko bai yi mini daɗi ba. Baba ya ce namiji yake so, aka ba shi wani matashin nas mai ladabi. Ya zuƙe ruwan balan-balan ɗin da ke riƙe tsohuwar robar a mafitsara, ya zare ta, ya zuba maganin kashe zafi, ya ɗauko sabuwa mai kauri lamba 16, irin miƙaƙƙiyar nan da ake kira Foley. Ta shiga, ta yi nisa, sai ta cije. Ya ce Baba ya ja dogon numfashi, ya sake gwadawa a hankali sau ɗaya, sannan ya zare ta.

"Alhaji, ka yi haƙuri, ba zan tura da ƙarfi ba," in ji shi.

Sai a lokacin ya duba bakin tsohuwar, ya ga a lanƙwashe yake. Ashe irin wadda ake kira kude aka sa wa Baba tun farko. Sunan daga Faransanci yake, ma'anarsa abu mai lanƙwasa kamar gwiwar hannu. Ana riƙe bakin yana kallon sama domin ya haye kumburin maimakon ya tokare shi. Akwai ta a kabad ɗinsu, na gan ta da idona. Amma ya ce ƙa'idar asibitinsu ita ce nas ba ya sa irinta sai likita ya rubuta, kuma sai wanda aka horar aka sa masa hannu. Shi ba a kai ga sa masa hannun ba.

Raina ya ɓaci, har na ɗaga murya. Awa biyu da wani abu muka yi muna jiran likita, marar Baba tana cika, yana ta juyi a kan gado yana salati. Da likitan ya zo, bai yi minti biyar ba fitsari ya sauko cikin jaka. Shi ne ya zaunar da ni ya yi mini bayani: hanyar fitsari taushi gare ta, in aka tura roba da ƙarfi tana iya huda gefe ta buɗe wata hanyar ƙarya, jini ya ɓalle, kowane canji na gaba ya zama wahala. Haka in aka hura balan-balan ɗin alhali robar ba ta isa mafitsara ba, hanyar ce za ta yage. Washegari na koma na ba yaron nan haƙuri. Ya tsaya iya inda aka sa masa iyaka, ina ta masa faɗa bai canza magana ba, kuma yau saboda shi na amince da wurin.

Amma laifinsu yana nan, ban yafe shi a rubutu ba. Kafin a zare tsohuwar roba ya kamata a tambayi wace iri ce. Yana rubuce a katin sallamar Baba, babu wanda ya nema, ni ma ban san yana da muhimmanci ba. Sannan nas ɗaya tak ke da izinin sa kude a duk asibitin, wani dattijo da ba kullum yake aiki ba. Wurin da tsofaffi maza ke zuwa haka ya kamata ya horar da ƙarin mutane.

Tun daga nan dattijon ne ke yi wa Baba. Yana rubuta rana, lambar roba da mililita 10 na ruwan da ya zuba a balan-balan a jikin katinmu. Shi ya ba mu shawarar komawa ta silikon, wadda ke iya kai mako 12, maimakon ta lateks (latex) da muke canzawa kusan duk wata. Ta fi tsada, amma zirga-zirgar ta ragu. Ya kuma koya wa ƙanena ajiye jakar ƙasa da tsayin mafitsara ko da Baba yana kwance.

In mahaifinka kude yake amfani da ita, ka kira tun kana gida ka tambayi wa ke da izinin sa ta da ranar da yake aiki, domin kowane asibiti da tasa ƙa'idar. Ka tafi da kwalin tsohuwar robar a aljihu. Mu ranar Talata muke zuwa, da sassafe.