Doguwar sifikar talabijin: sautinta ya yi, haɗa ta ne sai da dabara

Talabijin ɗin yanzu sun yi siriri har babu wurin da za a cusa sifika ta kirki a cikinsu. 'Yar wadda ake sakawa ƙasa take kallo ko baya, shi ya sa hoto zai fito tangararas amma muryar mai karanta labarai kamar daga cikin tulu. Mu da kunnenmu ke lafiya muna maneji. Baba kuwa, da jinsa ya fara ja da baya, sai ya riƙa ƙara murya har gidan ya ɗauka, kuma duk da haka yana cewa hayaniya kawai yake ji, ba magana ba. Dalilin da ya sa ke nan na shiga kasuwar Sabon Gari na ɗauko doguwar sifikar nan da 'yan kasuwa ke ce wa sawunba. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, don abin da na gani a jikinta na gan shi a wasu irinta a gidajen abokai, kuma galibinsa ba laifin mai ƙerawa ba ne.

Tawa ta masu matsakaicin kuɗi ce, irin wadda ake rubuta wa 2.1 a kwali, wato sifikar hagu da ta dama a cikin sanda ɗaya, sai wufa, akwatin da ke fitar da sauti mai kauri da ake ce wa bes, ita daban take, ba ta buƙatar kebul tsakaninta da sandar, wuta kawai za ka jona mata. A bayanta akwai ramin HDMI ɗaya, ramin oftika na kebul mai ɗaukar sauti da haske, ramin AUX na siririn kebul irin na abin sawa a kunne, da na filashi, sannan tana da Bluetooth. Kwalin ya zo da rimot da kebul ɗin oftika, babu na HDMI, wannan sai da na saya daban. Lambar wat ɗin da aka buga ɓaro-ɓaro a jikin kwali kada ta ruɗe ka. Sau da yawa ƙarfin da sifika za ta iya kaiwa na ƙiftawar ido ake rubutawa, ba wanda za ta riƙe tana aiki da shi ba.

A wajen sauti ba ni da ƙorafi. Akwai maɓalli a rimot da ke fito da magana gaba ya danne kiɗa da ƙarar bayan fage, kuma tun da na danna shi Baba ya daina kai murya ƙarshe. Labarai, tafsiri, hira da baƙo a situdiyo, duk ras suke fita. Ƙwallo ma ta yi daɗi, kana jin ihun 'yan kallo a faɗaɗe, mai sharhi kuma bai nutse a ciki ba. Inda ta ɗan sha wuya shi ne wasu finafinanmu da ake ɗorawa a YouTube, waɗanda magana ke ƙasa-ƙasa, waƙa na shigowa kuma sai ta tashi unguwa. Saitin dare yana rage wannan tazarar, amma ba ya gyara abin da aka ɓata tun wajen haɗa fim. Wanda kuma yake neman abin da zai fito da shi tsakar gida ranar suna ko kamu, ya nemi wani abu, wannan ta falo ce.

Matsalar tana farawa ne daga yadda ake gwada ta a shago. Yaron shago zai haɗa wayarsa ta Bluetooth, ya sako kiɗa, wufa ta girgiza kanta, ka ce a ɗaure. Babu wanda ya gwada maka ita da talabijin, alhali don talabijin ka saye ta. Ina zuwa gida na sa kebul ɗin HDMI, shiru. Fitila na ci, hoto na tafiya, sauti kuwa yana nan a cikin talabijin.

Abin da ba a faɗa maka shi ne, ko da ramukan HDMI uku ne a bayan talabijin ɗinka, guda ɗaya tak ke iya mayar da sauti waje, kuma za ka ga an rubuta ARC ko eARC a gefensa da ƙananan baƙaƙe. Sai ka haska fitilar waya kafin ka gani. Wannan dabara ta ARC a 2009 ta shigo tare da HDMI 1.4, eARC kuma ta biyo baya a 2017, don haka tsohuwar talabijin ta kafin lokacin ba ta da ita sam, wasu ƙanana masu araha ma har gobe ba a saka musu. Bayan ka sami ramin, sai ka shiga saitin ka kunna abin da ke ba na'urori damar yi wa juna magana ta cikin kebul ɗin. Sunansa na asali CEC, amma kowane kamfani ya raɗa masa nasa: Samsung na cewa Anynet+, LG na cewa SimpLink, Sony na cewa Bravia Sync. In yana kashe, a yawancin talabijin ARC ba zai tashi ba ko da komai na daidai. Daga nan ka koma wajen saitin sauti ka ce a fitar da shi ta sifikar waje. Da na yi waɗannan ukun sauti ya zo, har rimot ɗin talabijin ya koma yana ƙara wa sandar murya, abin gwanin sha'awa.

Sai aka ɗauke wuta. A nan ne na gane cewa waɗanda suka tsara ARC ba su yi tunanin gidan da wuta ke zuwa ta koma sau ba adadi a yini ba. Talabijin da sandar sai sun gaisa sun gane juna kafin sauti ya wuce. In wuta ta dawo gaba ɗaya, dikoda da talabijin da sanda duk suka farka a lokaci guda, gaisuwar nan takan sarƙe, talabijin ta koma sifikarta kamar ba ta taɓa sanin wata ba. Kashewa da kunnawa da rimot ba ya warware wannan, domin na'urorin ba su mutu ba, kwanciya kawai suka yi. Maganin shi ne ka zare su duka daga soket, ka ba su kamar minti ɗaya, ka mayar, ka kunna talabijin sannan sandar. Yana aiki kusan kullum. Amma ka yi tunanin ina wurin aiki, Baba na son labaran rana, uwargida na waya tana cewa, "Abin nan naka ya sake yin shiru fa." Ba kowa zai riƙa leƙa bayan talabijin yana zare filogi ba. Na kuma lura in dikoda na jone a wani ramin HDMI abin ya fi yawan faruwa, don ita ma tana tsoma baki a wannan gaisuwar.

Shi ya sa na koma kebul ɗin oftika da ya zo a kwali, wanda da farko na raina. Haske yake ɗauka, ba wuta ba, kuma ba ruwansa da gaisuwa: talabijin na turo sauti, sandar na karɓa. A ɗauke wuta a dawo da ita, yana nan inda ka bar shi. A bakinsa biyu akwai 'yan hulunan roba farare da sai ka cire kafin ya shiga, na ga wanda ya danna shi da hular har ya kusa fasa ramin. In ka jona gefen talabijin ka duba ɗaya bakin, za ka ga ɗan jan haske, alamar ramin na aiki. Kada a lanƙwasa shi sosai, kada a ɗora masa ƙafar tebur. Abin da ka rasa shi ne rimot ɗaya ya yi maka komai, yanzu sai biyu, kuma dole ka kashe sifikar talabijin, in ba haka ba za ka riƙa jin magana tana maimaita kanta. Masu sifika mai tsada da ke son Dolby Atmos, sautin nan mai kewaye mutum har ta sama, oftika ba zai ɗauka musu ba. Ga mai 2.1 irina kuwa, ban ji abin da na rasa ba.

Akwai wani shirun daban da ya ɗaure min kai. Tashoshi na magana lafiya, amma wasu finafinan da yara ke karɓowa a filashi wajen masu turawa sai hoto kawai, ko wani ƙiris-ƙiris mara daɗi. Ashe sauti ma iri-iri ake naɗe shi. Sandata ta san Dolby Digital, ba ta san DTS ba, talabijin kuma na miƙa mata abin yadda ya zo. A saitin sautin talabijin akwai wurin zaɓen yadda za a fitar da shi, ka mayar da shi PCM. Ma'anarsa talabijin ta warware sautin da kanta ta ba sandar hagu da dama a shirye. Wannan ya gyara yawancinsu. 'Yan kaɗan da suka rage talabijin ɗin ce da kanta ba ta iya karanta su, nan kuma sai dai a sake turo fim ɗin. In dikodarka na da irin wannan saitin, ita ma ka duba ta.

Wufar ta yi nata rigimar. Tana cikin aiki sai bes ya ɓace, fitilar bayanta ta hau ƙiftawa, can kuma ya dawo. Na danna maɓallin haɗawa da ke bayanta, ta kama, gobe ta sake. Daga baya na lura ɗan akwatin intanet ɗinmu a kan tebur ɗaya yake da sandar, dab da ita. Da yawa daga cikin wufofin nan marasa kebul a zangon 2.4 GHz suke magana da sandarsu, zangon da Wi-Fi da Bluetooth ke cunkushe a ciki. Na ɗauke akwatin na kai shi kan taga, yankewar ta tsaya. Wurin ajiye wufar ma sai an duba. Da na tura ta lungu bes ya yi yawa ya zama gurnani, tangaran da kofunan da ke jere a kabet ɗin uwargida suka riƙa karkarwa duk lokacin da aka buga ganga a talla. Na jawo ta kamar taku biyu daga bango, na rage mata biyu a rimot, kabet ya samu lafiya.

Bluetooth ɗin sandar na jin karatu ko waƙa daga waya ne, a nan ba laifi. Kada dai ka haɗa talabijin da ita ta nan, baki zai riga murya, kuma saitin jinkirta sauti da ke cikin talabijin ƙara jinkiri yake yi, ba ya jawo abin da ya riga ya makara. Ga kuma wani hali da ba na so: duk wayar da ta taɓa haɗuwa da ita, in ta shigo falo da Bluetooth a kunne, sai ta kama. Wata rana muna zaune da baƙi, ƙanena na ɗakin waje yana sauraren saƙon murya a WhatsApp, sai ga muryar wata baiwar Allah ta cika falo tana tambayar me ya sa bai kira jiya ba. Tun ranar ya goge sandar daga wayarsa ba tare da kowa ya roƙe shi ba.

Abu ɗaya ne ya sa na nemi mai gyara. Lokacin da na gwada AUX, wani zuuu ke tashi a ƙasan sauti, ya fi yawa in an tayar da inji. Na ɗauka wani abu ya ƙone. Mai gyaran rediyon bakin layinmu, dattijo ne da ya daɗe a sana'ar, ya zo ya saurara, ya zare kebul ɗin dish daga bayan dikoda, ƙarar ta ragu nan take.

"Malam, kayanka lafiyarsu ƙalau," in ji shi. "Wutar ce ba ta da tsabta, ga dish ɗinka da soket ba su haɗu a ƙasa ɗaya ba. Wannan siririn kebul duk dattin da ya tarar kwasowa yake."

Na ce, "To Baba, me za a canza?"

"Ba abin da za ka canza. Mai hasken nan ka mayar. Kuɗin da za ka ba ni ka ƙara ka sayi abin kare wuta."

Ya yi gaskiya, oftika ba ya haɗa wutar na'urorin biyu, don haka zuuu ɗin ba shi da hanyar bi. Ya kuma ce ƙaramar inbata mai araha, wadda wutarta ba ta fita sumul, takan sa irin wannan ƙara, har ta riƙa zafafa kayan sauti. Na sayi abin kare wutar mai ɗan jinkiri, wanda in an kawo wuta yake dakatawa kafin ya saki. Sandar da wufar duk a kansa suke yanzu. Wani abin da AUX ke jawowa: in muryar talabijin ta yi ƙasa sosai, sandar takan ɗauka ba a turo komai, ta kashe kanta ana tsakiyar kallo. Mai amfani da AUX ya ƙara muryar talabijin ya rage ta sandar.

Ƙorafin da har yanzu ban samu maganinsa ba shi ne rashin allo a gabanta. 'Yan fitilu ne masu launi ke nuna ko tana kan oftika, ko HDMI, ko Bluetooth, kuma sai ka haddace wane launi ne na wane. Jikan Baba ya taɓa maɓalli ɗaya, sauti ya ɓace, babu mai sanin dalili. Rubutun rimot ɗin kuma ƙanana ne ƙwarai ga mai shekaru. Na liƙa jan salatif a kan maɓallin canza hanya na ce kowa ya bar shi, na rubuta launukan a takarda na manna a gefen tebur. Da zan sake saye, zan ƙara kuɗi in ɗauki mai allon rubutu. Lokacin hunturu kuma ƙura na cika ramukan da ba a amfani da su, ni dai na toshe su da salatif.

Shagon da na saya ba su cuce ni ba, kayan sabo ne kuma sun ba ni rasit, sai dai iliminsu a kanta bai wuce Bluetooth ba. In za ka je, ɗauki hoton bayan talabijin ɗinka a waya ka tabbatar akwai ARC ko ramin oftika, don wasu ƙananan talabijin ba su da ko ɗaya, sai ramin abin sawa a kunne. Ka sa a jona ta da talabijin a gabanka ta hanyoyin biyu, a zare wufar daga wuta a mayar ka ga ko za ta kama da kanta, sannan a rubuta maka a rasit kwana nawa kake da su na dawo da ita.