Masaukin shafukana: RAID ɗinsu ya yi, ajiyar ko-ta-kwana kuwa da sauran gyara

Kamfanin da nake hayar sabar (kwamfutar da ke ɗauke da shafukan intanet) a wurinsa ya rubuta RAID 10, wato wani tsarin haɗa faifan ajiya da yawa don kada bayanai su ɓace idan ɗaya ya mutu, da manyan haruffa a shafin tallarsa, a ƙasa kuma ya ƙara da cewa bayananka suna cikin cikakken aminci. RAID ɗin kam gaskiya ne, na gwada na gamsu. Alƙawarin na biyu ne ya wuce abin da RAID zai iya ɗauka, kuma yana damuna domin mutane da yawa suna biyan kuɗi ne saboda shi.

Abin da nake haya sabar ce guda mai faifan SSD huɗu, tana tafiya da babbar manhajar Linux, a kanta kuma akwai shagunan intanet da shafukan wasu ƙananan ƙungiyoyi da nake kula da su. Faifan huɗu an haɗa su biyu-biyu. Duk abin da aka rubuta a kan ɗaya, a daidai lokacin ake rubuta shi a kan ɗan'uwansa, sannan a rarraba aikin tsakanin haɗin biyu don sauri. Farashin wannan tsari shi ne rabin wuri: faifai huɗu masu terabayit 2 kowanne, terabayit 4 kake samu, ba 8 ba. Kamfanin ya faɗi wannan ƙarara tun kafin a biya, ban da ɓoye-ɓoye.

Ranar da faifai ɗaya ya mutu, saƙon imel ne ya fara sanar da ni. Na shiga sabar na duba fayil ɗin /proc/mdstat, inda Linux ke nuna lafiyar faifan. Kullum layin [UUUU] yake nunawa, harafi ɗaya ga kowane faifai mai rai. Ran nan sai na ga [UU_U]. Gurbin na uku ya zama wayam. Amma masu saye suna ta zuba kaya a kwando, odoji suna shigowa, ba wanda ya kira ni da ƙorafi. Na buɗe tikitin neman taimako a wurin kamfanin, kafin azahar ma'aikacinsu ya zare mataccen ya sa sabo ba tare da an kashe na'urar ba. Na zauna ina kallon ƙidayar kwafi tana hawa, kashi 12, kashi 40, har U na uku ya dawo mazauninsa. Wannan aiki ya yi kyau ƙwarai, ba ni da abin cewa.

Na kuma tambaye su ko faifan huɗu duk daga rukuni ɗaya aka sayo su. Tambayar tana da dalili. A 2019 kamfanin HPE mai ƙera sabobi ya fitar da gargaɗi cewa wasu faifansa na SSD za su daina aiki idan sun cika awa 32,768 suna kunne, saboda kuskure a manhajar cikinsu. Faifan da aka kunna rana ɗaya, rana ɗaya za su mutu, ɗan'uwan da ake dogaro da shi ma ya bi. An ba ni amsa da lambobin faifan, na ga sun gauraya su. Wannan ya ƙara mini natsuwa da su.

Suna da wani tsari mai rahusa da RAID 5, ni dai ba na ba da shawararsa ga mai faifai manya. Yana jure mutuwar faifai ɗaya kacal, kuma yayin sake ginawa dole a karanta sauran faifan gaba ɗaya daga farko har ƙarshe, a lokacin da suka fi wahala. Idan na biyu ya faɗi a wannan tsakani, komai ya tafi. RAID 6 yana jure biyu, amma ba sa sayar da shi.

Yanzu ga inda muka saɓa. Tun a takardar da David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz suka fitar a 1988 daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, kariyar da RAID ke bayarwa daga lalacewar faifai ce. Bai san bambanci tsakanin umarni mai kyau da marar kyau ba. Wata ma'aikaciyar ɗaya daga cikin shagunan ta goge babban fayil na hotunan kaya tana tsammanin tsohon kwafi ne. A cikin daƙiƙar nan hotunan suka ɓace daga faifai da ɗan'uwansa baki ɗaya, mdstat kuwa yana nuna [UUUU] lafiya lau. Haka zai faru idan masu kutse suka kulle fayiloli suna neman kuɗin fansa, ko wata manhaja ta dagula rumbun bayanai: ɓarnar ma kwafinta ake yi.

A nan ajiyar ko-ta-kwana ce ya kamata ta cece mu, kuma ta cece mu, sai dai da jan ƙafa. Sau ɗaya suke ɗaukar kwafi a cikin dare, suna riƙe na mako guda. Babu maɓallin da zan danna in dawo da fayil ɗaya da kaina, sai na buɗe tikiti na jira. Wanda ya fara amsawa ya so mayar da sabar gaba ɗaya zuwa daren jiya, abin da zai share odojin safiyar duk sauran shagunan. Sai da na yi ta bayani kafin aka ciro hotunan kaɗai. Shagon ya wuni da kaya babu hoto, mai shi kuwa yana ta kira hankali a tashe, kuma yana da gaskiya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne amsar da suka ba ni da na tambayi inda kwafin yake. Yana kan wata na'ura dabam, amma a gini ɗaya da sabar. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ginin SBG2 na kamfanin OVHcloud mai ba da hayar sabobi a birnin Strasbourg na Faransa, kuma akwai abokan ciniki da suka rasa sabar da kwafinta tare saboda duk suna wuri ɗaya. Wanda ya ajiye mabuɗin ko-ta-kwana a cikin ɗakin da ya kulle, bai ajiye komai ba.

Saboda haka nake bin ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a nesa. Kowane dare manhajar kwafi mai suna rsync tana tura fayiloli da rumbun bayanai zuwa wani kamfani a wata ƙasa, kuma lokaci-lokaci nakan ɗauko kwafin in tayar da shago ɗaya a kan sabar gwaji, in tabbatar yana buɗewa.

Zan ci gaba da zama da masaukin nawa, domin na'urorinsu da saurin gyaransu sun cancanci kuɗin. Mai shago da ke da wanda zai tsara masa ajiya a waje zai ji daɗinsu. Wanda kuwa ke neman ya biya ya manta, ba nan ba ne wurinsa tukuna. Na rubuta musu ina roƙon abu biyu: su kai kwafin wani gari, su kuma gyara wannan jimlar ta shafin talla. Sun ce na farkon yana cikin shiri. Jimlar tana nan yadda take.