Lokacin sanyi a Amurka: filin besbol a rufe, aljihun iyaye a buɗe

Jama'ar gida, yanzu a nan ƙanƙara ta rufe filayen wasa. Besbol, wasan da ake jefa ƙwallo a doke ta da sanda, ba ya jure sanyi. Ƙungiyoyi 30 na babbar gasar MLB kowacce tana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, a shiga wasannin ɗaukar kofi a Oktoba, sai kowa ya koma gida har tsakiyar Fabrairu da za a fara atisaye a jihohin Florida da Arizona. Watannin nan na cinikin 'yan wasa ne. A Disamba 2023 Dodgers ta ɗauki Shohei Ohtani kan dala miliyan 700 na shekara 10, Disambar da ta biyo baya Mets ta ba Juan Soto miliyan 765 na shekara 15. Masu kallo su yi ta musu a kai kamar yadda ake musun Arsenal da Chelsea a teburin mai shayi.

Amma cinikin da ya shafi magidanci shi ne na yara, domin a cikin sanyin nan ake rajistar gasar unguwa. A gida ƙwallo ɗaya da duwatsu huɗu sun ishi yara ashirin. A nan kowane yaro da kayansa: safar hannu ta fata, sandar duka, hular kwano, takalmi mai haƙora.

Safar ce ke ba sabon zuwa wahala. Yaron da ke jifa da dama a hagu yake sa ta, kuma iyaye da yawa sun sayo ta hannun da ba shi ba. Ɗan shekara bakwai ko takwas safa mai tsawon inci 11 ko kusa da haka ta ishe shi. In ka sayo babba don "ya girma da ita", ƙwallo za ta riƙa zamewa saboda yatsunsa ba su iya rufe ta. Sabuwa tauri gare ta kamar busasshen ƙirgi. Ana shafa mata mai kaɗan, a sa ƙwallo a tafinta, a ɗaure da igiya ta kwana, gari ya waye a yi ta jifa da cafewa. Mai ya yi yawa, fatar ta yi nauyi ta saki. Masu gaggawa kan sa ta a tanda, nan fa igiyoyin ke bushewa su tsinke. Dukawan Kano da sun gani sai su yi dariya, ai fata haƙuri take so.

Sanda kuwa a duba tambari kafin a biya. Tun 2018 gasar ƙananan yara ta Little League ba ta karɓar sandar ƙarfe sai mai hatimin USA Baseball, alƙalin wasa zai ajiye ta gefe komai tsadarta. Kada a bar ta a bayan mota cikin sanyi, tana iya tsagewa ko loɓawa in aka yi duka da ita. Shagunan gwanjon kayan wasanni sun fi sauƙi nesa, yara kuma shekara ɗaya suke fin ƙarfin kayan.

Zuwa kallo ma da nasa tsarin. Filin ƙungiyar Yankees yana unguwar Bronx a birnin New York, inda 'yan'uwanmu na Ghana da Nijar suke da yawa, jirgin ƙasa mai lamba 4 yana ajiye mutum a titi na 161. Tikiti a waya yake, filaye da dama ba sa karɓar tsabar kuɗi sai kati, kuma farashin kujera yana hawa da sauka gwargwadon abokin karawa. Wasan Talata da ƙaramar ƙungiya shi ne na mai iyali. Abincin ciki tsada, ga zancen yanka, ga giya ana yawo da ita tsakanin kujeru. A ci tuwo a gida tukuna. Tun da aka sa wa mai jifa agogon ƙayyade lokacin jifa a 2023 wasa ya dawo ƙasa da awa uku, wasan rana na Lahadi ana iya kai yara a dawo kafin magariba.