Shagon Tura Fina-finai na Bakin Tasha da Kundinsa na Queen Latifah

A ƙauyukan da ke kan hanyar Gumel zuwa Maigatari, inda intanet yake zuwa ya ɗauke yadda ya ga dama, kuma kuɗin data ya fi ƙarfin yawancin jama'a, duk mai son kallo a wayarsa sai dai ya nufi shagon masu tura fina-finai. Shagon da zan yi magana a kansa yana bakin tashar garinmu, tsakanin mai faci da mai shayi, kuma sana'a biyu ake yi a cikinsa, wato cajin waya da wutar sola, da tura fina-finai da waƙoƙi daga kwamfuta zuwa memori. Mafi yawan cinikinsa na fina-finan Hausa ne da na Indiya da karatun malamai, musamman ranar Alhamis da yamma idan 'yan kasuwa suka dawo daga Maigatari. Abin da ya raba shi da sauran shi ne tsari, domin mai shagon, wani matashi da ya yi difloma a Kazaure ya dawo gida, yana jera kayansa bisa sunan jarumi da shekarar da aikin ya fito, har yana da littafin rubutu mai bangon kwali da yake miƙa wa mai saye ya duba, kowane shafi da sunan mutum ɗaya a samansa da jan biro.

Shafin da ya ja hankalina shi ne na Queen Latifah, jarumar talabijin kuma mawaƙiya 'yar Amurka. Mutanen nan sun san ta ne ta hanyar shirin The Equalizer, wanda tashar CBS ta fara nunawa a 2021 ta kuma rufe shi a 2025 bayan zango biyar, inda take fitowa a matsayin Robyn McCall, tsohuwar jami'ar leƙen asiri da ke tsaya wa waɗanda aka zalunta, tana kuma rainon 'yarta tare da gwaggonta. Shi na je nema, sai mai shagon ya ce da ni, "Malam, in dai matar nan ce, ina da ita tun daga farkonta, ka kawo babban memori kawai." Da ya buɗe foldar sai na ga ya yi gaskiya, domin ayyukan sun faro ne daga 1989, kuma wanda ya bi su a jere zai ga yadda rayuwar mutum ɗaya ta yi ta sauya salo cikin shekaru fiye da talatin, abin da ba zai samu ba idan fim ɗaya aka tura masa ya tafi.

Sunanta na yanka Dana Elaine Owens, an haife ta ranar 18 ga Maris, 1970, a birnin Newark na jihar New Jersey, mahaifiyarta malamar makaranta ce, mahaifinta kuma ɗan sanda. Da waƙar gambarar zamani ta fara suna, kuma kundinta na farko, All Hail the Queen, ya fito tana da shekara 19, a lokacin da mata ƙalilan ne ake saurara a wannan fage. A 1992 yayanta ya rasu a hatsarin babur, babur ɗin da ita ce ta saya masa, kuma kundin da ta fitar a shekarar da ta biyo baya, Black Reign, yana ɗauke da nauyin wannan rashi. A cikinsa ne waƙar U.N.I.T.Y. take, wadda ta yi kan cin mutuncin mata da dukansu a gida da titi, ta kuma samo mata lambar yabo ta Grammy a 1995. Mai shagon ya ajiye wannan kundi gab da zangon farko na Living Single, wasan barkwancin da tashar Fox ta nuna daga 1993 zuwa 1998, kuma daidai ya yi, domin a shekara ɗaya suka fito, kuma mai kallo zai yi mamakin cewa matar da ke ba mutane dariya a matsayin Khadijah James, mai mujalla da ke zaune a unguwar Brooklyn ta birnin New York, ita ce take rera waɗancan baitoci masu zafi. Sunayen Latifah da Khadijah sukan sa wasu abokan cinikinsa su ɗauka Musulma ce, shi kuwa yakan gaya musu gaskiya cewa a gidan Kirista ta tashi, laƙabi ne kawai ta ɗauka tun tana yarinya, kuma na yaba masa da bai bar su cikin wannan zato don ya ƙara ciniki ba.

Daga nan foldar ta bi ta kan fim ɗin Chicago na 2002, wanda ya sa aka saka sunanta cikin masu takarar lambar yabon fina-finai ta Oscar, sai kundin 2004 mai ɗauke da sunanta na yanka, inda ta ajiye gambara ta koma tsofaffin waƙoƙin jaz masu sanyi, sai kuma Bessie na 2015, fim ɗin tashar HBO kan rayuwar mawaƙiya Bessie Smith. Shirinta na hira da baƙi, wanda ta yi daga 1999 zuwa 2001 ta sake dawowa da shi daga 2013 zuwa 2015, ba ya ciki, kuma ban ga wanda ya yi kewarsa ba.

Inda shagon ya gaza shi ne wajen murya, kuma gazawar ba ƙarama ba ce idan aka tuna cewa muryar wannan mata ita ce jarinta. Saboda yawancin masu saye ƙaramin memori suke zuwa da shi, mai shagon yana matse fayil ɗin domin abu mai yawa ya shiga wuri kaɗan. Hoton yana jure wannan matsi, domin a fuskar waya ba a cika ganin bambanci ba, amma sautin yana lalacewa sosai. Waƙoƙin jaz ɗin nan, waɗanda daɗinsu yake cikin kaurin muryarta da yadda take jan numfashi kafin ta saki baiti, sun koma kamar ana rera su daga cikin gwangwanin madara, ƙarar ƙaho ta yi tsini, ƙasan muryar kuma ya ɓace gaba ɗaya. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ya yanke waƙar buɗe Living Single daga kowane kashi don rage nauyi, alhali ita kanta ce ta rera waƙar, saboda haka mai sayen kundin mawaƙiya ya rasa ɗaya daga cikin waƙoƙinta da aka fi sani. Da na yi masa magana ya ce, "Malam, ai mutanenmu wucewa suke yi, faɗa suke nema," kuma ban musa masa ba, sai dai wanda ya nemi cikakken kundi ba faɗa kaɗai ya zo nema ba.

Haka lamarin yake a sassan The Equalizer da aka yi wa fassarar Hausa. Ban raina amfanin fassara ba, domin da ita ne iyalina suke bin labarin, kuma mai fassarar yana da hikimar zance. Matsalar ita ce murya ɗaya ce ta namiji take magana da bakin kowa, tana danne ta asali, kuma ba ta yin shiru ko a wuraren da shirun ne yake ɗauke da ma'ana, kamar inda uwa da 'ya suke zaune a kicin bayan saɓani, sai ka ji an cusa barkwancin da babu shi a labarin. Mai shagon ba shi ya yi fassarar ba, amma yana da na asalin a kwamfutarsa, kuma ba ya ambata shi sai an tambaya. Ban da wannan, zango na uku ya zo mini da giɓi a tsakiya, kodayake da na koma ya cike mini ba tare da ya karɓi ko sisi ba.

Ta fuskar tarbiyya ya yi abin da ya dace. Chicago da Bessie da Set It Off na 1996 suna da wuraren da ba na kallon iyali ba ne, kuma ya ware su a wata folda dabam, ba ya tura wa yara, har babba ma sai ya faɗa masa abin da ke ciki tukuna. Na ga ya mayar da wani yaro da aka aiko da waya, ya ce masa, "Je ka ce wa yayanka ya zo da kansa." A shagunan da na sani, kaɗan ne suke yin haka.

Kuɗin da yake karɓa bai fi na sauran shaguna ba, yana lissafi ne bisa zango ko kundi, kuma yakan yi ragi ga wanda ya ɗauki shafi guda gaba ɗaya. Jira ne ke da wahala ranar kasuwa, domin kwamfuta ɗaya ce, benci ɗaya, batirin solar kuma yakan yi rauni bayan magariba a lokacin damina, don haka safiyar Talata ko Laraba ta fi. Memorin da yake sayarwa a shagon ban gamsu da ingancinsa ba, gara mutum ya sayo nasa a Gumel, mai gigabait 32 ko fiye, ya kuma faɗa masa tun kafin ya fara turawa cewa wanda ba a matse ba yake so, da waƙar buɗewa a cikinsa, sannan a haɗa masa na fassara da na asali a folda biyu.