Tarkon Robinson ko na Heath: kama malam-buɗe-littafin dare a lambu

A Ingila, watannin Yuni zuwa Agusta ne kakar wannan aiki. Tarkunan biyu akwatuna ne masu fitila da ke jawo ƙwarin da haske su faɗa ciki. Tarkon Robinson yana amfani da ƙwan fitila na makuri (wani sinadari) mai wat 125, kuma shi ya fi tara ƙwari, abin da ya shiga da wuya ya fita. Sai dai yana bukatar wutar gida, haskensa yana damun maƙwabta, ƙwan kuma yana zafi har ruwan sama kan iya fasa shi in ba a yi masa rumfa ba.

Na Heath yana amfani da ƙwan fitila mai siffar bututu, mai wat 6, da batir mai bolt 12. Kamunsa kaɗan ne, amma ga ƙaramin lambu ya wadatar.

Kowanne ka ɗauka, jera kwalin ƙwai a ciki don ƙwarin su fake. Duba da asuba, rubuta iri da adadi, sake su cikin ciyawa kafin tsuntsaye su farga.